Ranar da 'Yan Keke Suka Cinye Fai ɗin Sujada

Ina gaya wa mutane cewa saboda ni mijina Benuel ya bar addinin iyayensa. Gaskiyar magana kuwa, keke ya riga ni. A wajen Amish ɗinmu na Lancaster, Kiristocin karkarar nan masu gudun mota da lantarki, in ka hau ɗan keken nan marar feda da ake turawa da ƙafa ɗaya, ba mai ce maka uffan, amma ranar da ka ɗora ƙafa biyu a kan feda, to ka kama hanyar duniya. Ben ya riga ya karɓi baftisma, wato ya ɗauki alkawarin bin dokokin ikkilisiya, lokacin da aka gano keken da ya ɓoye a rumfar shanya taba. Aka yi masa faɗa, ya yi taurin kai, abu ya yi ta girma har ya haɗa da mota da wutar lantarki da ni. Daga nan ikkilisiya ta ƙaurace masa. Ba a hana shi zuwa gida ba, zai iya zuwa a gaisa a yi hira. Abin da ba za a yi ba shi ne a ci abinci da shi a tebur ɗaya, ko a karɓi wani abu daga hannunsa. Ranar da aka binne babansa, a lungu aka ajiye masa nasa abincin, kusa da yara. Ya duba, ya ɗauki hularsa ya fita. Bai ƙara taka gidan ba, ga shi yanzu furfura ta cika masa kai.

Sana'ata jigilar Amish ce a motata, masu zuwa asibiti da masu zuwa sayayya, don haka labarin gundumar nan ta kujerar bayana yake bi. A nan na ji cewa idon surukata Lydiann ya fara yin dishi-dishi, har ta faɗi a matakala. Na kawo wa Ben labarin yana cin abinci. Ya ce, "Uhm," ya tashi ya tafi zuba wa sarƙar kekensa mai, sarƙar da ya zuba wa mai jiya-jiyan nan. Na san mutumin nan ciki da bai. Begen uwarsa yana cin sa, amma ya gwammace ya haɗiyi sirdin keke da ya je ya ƙwanƙwasa ƙofa ya ce ga shi ya zo.

Kulob ɗinsu na 'yan keke yakan yi yawon gayya sau ɗaya a shekara, da kaka, lokacin yankan masara. Shirya yawon wahala ce tsagwaronta, kullum sai an yi ta tura wa juna. Bana tun kafin shugaba ya rufe baki Ben ya ɗaga hannu.

A kicin ɗinmu suka yi zaman tsara hanya, shi da mataimakinsa Vince Marchetti. Vince ɗan Philadelphia ne, ya yi ritaya daga sayar da inshora ya sayi gida a nan, kuma Allah ya ba shi murya irin ta mai gwanjo. Bai san daga inda Ben ya fito ba, don Ben ba ya faɗa.

"Wannan fa?" in ji Vince, yana dangwala yatsa a taswira. "Ben, mutumina, wannan ai ba tudu ba ne, bango ne. Rabin mutanenmu gwiwar ƙarfe gare su. Ga hanya nan shimfiɗaɗɗiya ta bakin rafi, ga gada mai rufi, kowa ya sha hoto."

"Akwai iska mai daɗi a saman."

"Iska? Iska muka rasa a ƙasa?"

Ben ya sosa ƙeya. "Akwai wata tsohuwa da ke sayar da fai a bakin hanya ranar Asabar. Ba irinsa a faɗin jihar nan."

Ina wanke kofuna na ce, "Wata tsohuwa, ko? Ka san sunanta kuwa?"

Ya watso mini harara. Vince kuwa da ya ji zancen fai, gasasshen ƙullun nan mai zaƙi da ake cusa wa tuffa, sai tudu ya kwanta masa. Ya dafa kafaɗar Ben ya ce, "Kar ka damu, ni na san mutanen nan, na daɗe da su. In ka iya tafiyar da su ba su da matsala. Ka bar mini maganar, kai dai ka tsaya a bayana ka koya." Ben, wanda a ɗakin sama na gidan da ke kan wannan tudun aka yanke masa cibi, ya ce ya gode.

Wajen zaɓen rana ne Ben ya nuna wayonsa. Da yake Amish ba su da ginin coci, gida-gida ake kewayawa da sujada, ya zauna yana lanƙwasa yatsu yana jero gidajen unguwarsu daga ka: gidan Zook, sai na Esh, sai na Petersheim, har ya zo kan gidansu, inda ƙanensa Akwila yake riƙe da gona. Ya ce ai nasu layin sai bazara, tun yana yaro haka yake. Ke nan ranar Asabar ɗin Akwila na gona, gida tsit, Mam, wato uwarsa, ita kaɗai a ƙarƙashin 'yar rumfarta. Zai tsaya cikin jama'a kamar kowane mai saye, ba wanda zai ce ya zo neman sulhu. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, mutanen nan ba su daina haihuwa ba don ya tafi. Unguwar ta cika, an raba ta biyu tuntuni, layi ya sauya. Ni kaina ban sani ba, don 'yan wancan gefen wani direban ne ke ɗaukar su.

Ranar Alhamis muka bi hanya yana fesa kibiyoyin fenti a kan kwalta don kar mutane su ɓata. Washegari muka koma dubawa, muka tarar dawakai sun faɗi ra'ayinsu a kan kusan kowace kibiya. Doki yana da faɗin titi gaba ɗaya, amma sai ya zo daidai mararraba abin yake zuwar masa. Ben ya sake fesawa yana tsaki. Da muka isa gindin tudun, ya fesa ta ƙarshe da sauri, ya shigo mota ya ce mu juya. Ko ɗaga kai bai yi ba.

Safiyar Asabar aka hallara a harabar 'yan kwana-kwana, mutum wajen talatin, yawancinsu tsofaffi, cikin wanduna masu matse jiki da riguna masu kashe ido da hulunan kwano. Ni ce mai bin su a baya da mota, da ruwa da ayaba da taya. Ben ya hau kan dakali ya yi jawabi.

"In za ku wuce keken doki, ku yi magana tun daga nesa, doki ba ya son a lallaɓo shi. Kar wanda ya ɗauki hoton mutane. Kashin doki kuma in sabo ne santsi gare shi, ku kauce. Hutu yana saman babban tudu, a gonar da ke da farin rumbu. Akwai fai."

Jama'a suka yi shewa. Aka kama hanya, Vince yana gaishe da kowane doki: "Ranka ya daɗe, ta hagu zan wuce!" Masu keken dokin suna ɗaga masa yatsa ɗaya yadda suka saba, shi kuma yana waigowa yana gaya wa na bayansa cewa ai sun san shi ne.

Da farko Ben ne a gaba. Muna matsowa kusa da tudun sai na ga ya fara zamewa baya, ya koma tsakiya, ya koma wutsiya, har ya zama daga shi sai bambar motata. Ya tsaya ya latsa tayarsa ya ce iska ta ragu. Ya tsaya ya cika gorar da take cike. Ya shiga masara kama ruwa, ya daɗe har na fara tunanin ko girbi ya tsaya taya su. A kan tudun wani dattijo mai farin gemu ya zo da keken dokinsa ya wuce shi, abin da ban taɓa gani ba a tarihin kulob ɗin.

Na leƙo ta taga na ce, "Tsoho, in ka ƙara rage gudu faɗuwa za ka yi."

"Darlene, ƙyale ni. Ƙirjina ne."

"Na san ƙirjinka ne. Taka feda."

Muka kai sama. 'Yar rumfar bakin hanya a rufe take. A gefen rumbu kuwa ga doguwar amalanken bencina a tsaye, ƙofarta a buɗe. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da wannan amalanken take nufi: gobe a gidan nan za a yi sujada. Ben ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa, ya yi tsuru-tsuru.

Abin da ke tsakar gidan ya fi amalanken muni. Ranar jajiberin sujada matan unguwa kan taru su taya share gida da toya abincin gobe. Sun fito da bencina suna gogewa a kan ciyawa, sun jera fai ɗin busasshiyar tuffa a kan dogayen tebura don ya huce, layi bayan layi. 'Yan kekenmu sun hauro tudu harshe a waje, suka ga benci a jere, fai a jere, mata da fararen huluna suna kai da kawo. Me kake so su ɗauka? Sun jingine kekuna a jikin shinge, sun zazzauna, hannu baka hannu ƙwarya. Matan sun ja gefe sun yi cirko-cirko, kowacce ta rasa inda za ta ajiye idonta, don wandunan nan ba su bar wa mutum abin tambaya ba.

Vince ya hango mu, ya taso yana tafiya ƙwas-ƙwas da takalmansa masu ƙarfe kamar agwagwa, baki duk tuffa.

"Ben! Kai ɗan duniya ne! Har da benci? Na ce musu mu mutanen Ben Huyard ne. Suka yi shiru, ka san su da kunya. Sai waccan tsohuwar ta sa na maimaita sunan, na maimaita, ta ce a kawo wuƙaƙe a yanka mana. Ban gaya maka na iya da su ba?"

Tana zaune a kujera a bakin ƙaramin gidanta na tsofaffi da ke manne da babban gida. Ta ƙanƙance ƙwarai. Ta juyo da fuskarta wajen da take jin hayaniya, amma idonta ba a kanmu yake ba, yana can gefe kaɗan. Tausayinta ya kama ni. Fai ɗin ikkilisiya guda ta sa aka yanka don ta ji sunan ɗanta a bakin baƙo.

Kafin Ben ya motsa, wata ƙatuwar mata ta ratso taron, hannunta duk gari. Salome ce, matar bishof, wadda ta yi goyon Ben yana jariri. Ta tsaya ta ƙare masa kallo daga hula zuwa takalmi.

"Benuel, wandon nan ɗinka maka aka yi, ko fenti aka shafa maka?"

"Sannu da aiki, Salome."

"Aikin ai ga shi can a cikin mutanenka. Tun asuba muke gaban tanda. Gobe in an tashi sujada me za mu ba jama'a, hular kwano?"

"Wallahi ban sani ba. Na ɗauka sai bazara ne layinmu."

"Layinku? Au, har yanzu kana da layi?" Ta yi ƙwafa. "Wuce ka gaida uwarka, kana tsaye kamar turke."

Ya cire hular kwano ya tafi. Ya durƙusa a gabanta ya ce, "Mam." Ta ɗora hannu a kansa, ta shafa, ta gangaro kunnuwa da haɓa.

"Ina gashin?"

"Ya tafi, Mam."

"Na babanka ma haka ya yi. Ka ci abinci?"

Sai a lokacin Vince ya gane. Murna ta kama shi, kuma murnar Vince ba ta zama a ciki. Ya buga tafi ya ce, "Jama'a, mahaifiyarsa ce! Ku matsa, ku ba su wuri! Mama, taso ki zauna nan kusa da ɗanki, ku ci tare, yau ranar farin ciki ce!" Har ya share musu gefen babban tebur da gwiwar hannu.

Matan suka sunkuyar da kai. 'Yan keken da aka haifa a gundumar nan suka ajiye cokula, don sun san abin da Vince bai sani ba. Akwila, wanda ya fito daga rumbu ɗauke da benci, ya tsaya da shi a kafaɗa. Da gida babu kowa, ƙila da an san yadda aka yi, amma ga matar bishof tsaye, ga rabin matan ikkilisiya.

Mam ta ce, "Akwila, ajiye wannan. Ɗauko mini ɗan teburin da ke kicin ɗina, ka kafa wa yayanka."

Na ga wuyan Ben ya yi ja. Ya miƙe, ya mai da hular kwano kansa, ya fara laluben igiyarta. Abin da ya gudu dominsa shekara da shekaru ke nan, yau kuma a gaban kulob ɗinsa gaba ɗaya. Raina ya ɓaci. Na je na tsaya a jikinsa na yi ƙasa da murya.

"Ka ja tsofaffi talatin sun hau dutse, ka sa an cinye abincin Ubangiji, don ka ga matar nan. In ka hau keken nan yanzu, na rantse da motar zan bi ta kanka."

"Darlene, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Dube ta. Kana tsammanin akwai wani yawon na baɗi da za ka same ta a kujerar nan? Zauna."

Ya juya ya dube ta. Sannan ya cire hular ya zauna a ɗan teburin, gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓarsa. Wata yarinya ta ajiye masa fai a faranti ta koma da sauri.

Mam ta sake kiran Akwila. "Akwai wani ɗan tebur a gefen gadona, wanda nake ajiye fitila. Kawo shi, ni ma yunwa nake ji." Aka kawo. Ta miƙe da kanta, ta dafa shi tana turawa tana lalube, har ya kusa haɗewa da na Ben. Ta ja kujerarta ta zauna, kafaɗarta na gogar tasa.

Duk ido ya koma kan Salome. Ta goge hannu a gaban rigarta, ta tako a hankali, ta sunkuya. Ta zura gefen tafin hannunta tsakanin teburan biyu. Da ƙyar ya shiga, ita ma sai da ta matsa.

"Tebur biyu ne," in ji ta, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Wanda yake da shakka ya zo ya auna." Ba wanda ya zo. Ta juya kan Vince. "Kai kuma mai baki, ka iya murza ƙullu?"

"Ni? Uwargida, ai ni..."

"Za ka koya. Duk wanda ya ci sai ya toya. Maza su kwashi bencin nan su kai ɗakin sujada, sauran su biyo ni kicin. Ku ba su tawul su ɗaura a ƙugu, akwai 'yan mata a gidan nan."

Haka aka ƙare yawon gayyar bana. Wani tsohon alƙali da tawul a ƙugu yana ɗaukar benci da Akwila. Vince yana kicin, muna jiyo shi yana bayyana wa matan yadda kakarsa take yin ƙullu a Italiya, muna jiyo Salome tana ce masa ya rufe baki ya murza.

Ni na zauna a bakin matakala ina kallon su biyun. Ba wata hira mai tsawo suka yi ba. Ta tambaye shi ko yana zuwa wani cocin, ya ce yana zuwa nawa. Ta ce to, ya fi babu. Ta ce ya rame, alhali mutumin nan bai taɓa yin ƙibar da ya yi bana ba. A gabanta ba komai, don a ruɗanin nan ba wanda ya tuna ya kawo mata nata, kuma fai ɗin da ya rage a gidan kaf shi ne wanda ke gaban Ben.

Ya raba shi biyu, ya ɗauki farantin ya miƙa mata. Hannunsa na cikin iska ya tuna ba a karɓar komai daga hannunsa. Ita ma ta ji motsin, ta naɗe hannuwanta a cinya. Na ce yanzu zai sake fusata. Sai ya sauke farantin a hankali ya ajiye a kan teburinsa, ya tura shi da ɗan yatsa har ya hau kan ratar, rabi a nasa rabi a nata, ya janye hannu.

Daidai nan Salome ta fito da tire. Ta tsaya, ta dubi farantin, ta dubi tsohuwar. Sai ta juya ta koma ciki tana ƙwala kira, wai wa ya bar wannan mai bakin kusa da tanda.

Mam ta laluba ta sami bakin farantin, ta gutsiri nata rabin ta kai baki. Ta tauna, ta ɗan ɓata fuska.

"Sukari ya yi yawa," in ji ta. "Na Salome ne. Ka zo ranar Talata in yi maka nawa."

Ben ya dube ta. Sai kai ya yi ta gyaɗawa, ya manta ba ta gani.

"Ya ce to, Mam," na faɗa daga matakala. "Zan kawo shi."